Shanun Asta a Hannun Gwamnati

Malam Ashafa taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, don haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa. Shi ma yana da izinin ramawa, sai dai bai cika amfani da nasa ba. Ni Attahiru, albasa nake saye in ajiye in sayar a nan Illela. Shi kuwa a ofishin kuɗi na ƙaramar hukuma ya ƙare ƙuruciyarsa, yana biyan mutane albashi, har ya yi ritaya da tsohon babur ɗaya da gidan da ya gada. Waɗanda suka shiga aiki a bayansa sun gina benaye a Sakkwato. In ka yi masa maganarsu sai ya ce Allah ya sanya alheri, ya tambaye ka farashin gero.

Tsoron haƙƙi ne ciwonsa, kuma ciwo nake nufi. A wurin ubansa ya gado shi, wanda ya yi magatakarda a kotun alƙali, mutumin da ko goron masu ƙara ba ya karɓa. Kazar maƙwabta ta taɓa yin ƙwai a ɗakin girkin su Ashafa, ya ɗauki ƙwan a tafin hannu yana bi gida gida yana sallama har ya gano mai ita. Matarsa Zuwaira takan ce ita ba miji ta aura ba, sikeli ta aura. Tana faɗa tana dariya, amma wani lokaci dariyar ba ta kaiwa ciki, domin zama da irin wannan mutum sai mai haƙuri.

Gidansa ba shi da nisa da kara, inda ake cinikin dabbobi ran Lahadi. Wannan ne ya haɗa shi da Jalo, wani makiyayi daga rugagen wajen Tozai. Jalo kan iso tun yammacin Asabar, ya jingine sandarsa a zauren Ashafa, ya kwana, da safe ya shiga kasuwa. Ba su cika hira ba. Za ka same su a tabarma ɗaya, wannan na jan casbi, wancan na tufkar igiya, in an daɗe ɗaya ya ce ruwa ya yi jinkiri bana, ɗayan ya ce haka ne. Shekaru suka yi a haka, kuma ban san wasu aminai da suka fi su ba.

Sai duniya ta juya wa Jalo baya. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya guda, Asta. Ɓarayi suka kore masa fiye da rabin garke. 'Yan'uwansa suka tattara nasu suka yi kudu, shi kuma tari ya kama shi ya hana shi bin su. Ƙarshe dai a zauren Ashafa ya kwanta jinya. Abin da ya rage masa a duniya shanu goma sha ɗaya ne, da yarinyar da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba.

Wata safiya ya sa aka kira ni da limamin unguwa mu zama shaidu. Muryarsa ta yi ƙasa, sai da muka matso.

"Ashafa," ya ce, "shanun ga in sunka ci gaba da kwana daji, ba na Asta na ba. Ka sai da su. Ka aje mata inda ɓarawo ba shi kaiwa. Ran da tat tashi aure ka maida mata shanunta, kar ta shiga gidan miji hannu rabbana."

Ashafa ya ce, "Na ɗauka, Jalo. Allah shi ba ni ikon sabkewa."

Wanda bai zauna da Fulani ba ba zai gane nauyin maganar nan ba. Macen da ta shiga ɗakinta da shanunta tana da nonon da za ta sayar, tana da man da za ta kai kasuwa, tana da bakin magana a gidan. Wadda ta shiga babu, ko gishiri sai ta roƙa. Abin da Jalo ya ɗora wa taubashina ke nan, kuma bai daɗe ba ya cika. Asta ta koma hannun goggonta a ruga. Ashafa ya kai shanun kara ya sayar, ya dawo da kuɗi cikin buhun taki, ya rasa inda zai sa kansa.

A gida ba su ajiyuwa, wannan kowa ya sani. Asusun banki kuwa ya bar masa tabo, domin tun yana saurayi wani banki ya rushe da ɗan abin da ya tara. Ban da haka, dangi sun riga sun ji ƙanshi. Mai ɗaurin aure ya zo, mai jinya ya zo, kowa da rantsuwar zai mayar kafin kaka, shi kuma ba ya iya cewa babu alhali akwai. Ni ma na je da tawa. Na ce ya ba ni in zuba a albasa, mu raba abin da aka samu da marainiya.

"Albasa ruɓewa taka yi," ya ce, ko kallona bai yi ba.

Na ji haushi, musamman da shekarar ta yi mini kyau na ninka uwar kuɗi. Shekaru biyun da suka biyo baya kuwa sai da na sayar da mota na sallami mutane, don haka ba zan tsaya nan ina cika baki ba.

Mafita ta zo daga Bashar, ɗan wani tsohon abokin aikinsa, wanda ke aiki a banki a Sakkwato. Ya bayyana masa cewa gwamnatin tarayya kan ci bashi a hannun mutane na ɗan gajeren lokaci, wata uku, ko shida, ko shekara. Ka ba ta kuɗinka ta hannun banki, a rubuta maka shaida, in wa'adi ya cika ta mayar maka da su cif. Akwai kuma ƙarin da take bayarwa saboda jiran da ka yi, shi tun ranar farko ake miƙo maka. In ka so, wa'adi na cika sai ka sake ba ta. 'Yan banki tirezari bil suke ce wa abin, mu dai takardar bashin gwamnati muke cewa.

Abu biyu suka ja hankalin Ashafa. Gwamnati ba ta ƙaura, ɓarayi kuma ba sa kore ta. Sannan duk wanda ya zo rance zai iya duban idonsa ya ce kuɗi ba sa hannuna, kuma bai yi ƙarya ba. Bashar ya ambata masa wata takardar ta shekaru bakwai wadda malamai suka yarda da ita. Ya ce a'a, 'ya mace ba a san ranar da za a zo nemanta ba, yana son abin da zai iya karɓowa kusa.

Saura maganar ƙarin. Ya tafi wurin malaminsa ya zayyana masa komai. Malam ya ce ƙari a kan bashi kuɗin ruwa ne, barinsa ya fi. Amma idan larurar tsare dukiyar marainiya ta tilasta shi, to kada ya ci, kada ya ciyar da ita, ya fitar da shi ga abin da jama'a za su amfana, ba tare da ya sa ran lada ba. Ashafa ya riƙe wannan magana da hannu biyu.

A shekarar farko gwamnati na cikin ƙishirwar kuɗi, tana ba da kusan sha takwas a kan kowace ɗari. Ƙarin da aka miƙo masa ya kusa kuɗin shanu biyu. Zuwaira ta dafe kai, domin rufin ɗakinta na zuba tun damina biyu. Shi kuwa ko cikin gida bai shiga da kuɗin ba, ya kira magina suka gina masai a bayan tasha, inda matafiya ke tsugunawa a fili. Har yau masan Ashafa ake ce musu. Ya tsani sunan, kuma ni na raɗa, ba na musu. In mun haɗu a majalisa sai in ce, "Ma'aji, ina labarin garkenka na bayan tasha? Sun sha ruwa?" Shi kuma ya ce, "Kai dai ji da warin albasakka."

Daga nan abin ya zame masa al'ada. Wa'adi ya cika, ya hau mota zuwa Sakkwato, ya sabunta, ya cire ƙarin kamar mai cire ƙuda daga fura, ya dawo ya nemi kwatar da ta toshe ko ramin da ya hana amalanke wucewa. Mutane na sa masa albarka, yana kawar da kai, domin an ce kada ya sa ran lada, kuma yana tsoron kada godiya ma ta shiga ciki. Uwar kuɗin ba ya taɓa ta. Ko zakkar da ke kanta daga aljihunsa yake fitarwa, don kada a rage wa Asta kwabo.

Abin da ya riƙa ba shi mamaki shi ne yadda ƙarin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Bashar ne ke fassara masa, shi kuma ya kawo mana majalisa. Wata shekara gwamnati ta ga bashin gida ya yi mata tsada, ta je ƙasashen waje ta ciyo na dala, ta biya mutanen gida da yawa ta sallame su. Da ta daina roƙo, sai ta rage abin da take bayarwa. Bayan nan kuma babban banki ya rufe wata ƙofar da masu manyan kuɗi ke ajiya, duk suka kwararo kan wannan takarda. Wannan na gane shi ba sai an yi mini dogon bayani ba. Ranar da motocin albasa suka cika kasuwa, mai saye ne sarki. Masu ba da bashi sun yi yawa, mai karɓa ɗaya ne, sai ya taya yadda ya ga dama. Ƙarin ya yi ta sauka har ya koma abin da bai kai a faɗa ba.

'Yan fanshon da ke cin abinci da shi suka yi ta kuka. Ashafa kaɗai na gani yana murna. Ya dawo daga Sakkwato fuska a sake, ya ce, "Alhamdu lillahi, ƙazantar ta ragu." Abin da aka ba shi a wannan zagaye, ƙofa ɗaya ya saya wa masai da kwaɗo, suka ƙare.

A shekarar ne kuma aka sanar da nisabin zakka a masallaci, wato mafi ƙarancin dukiyar da zakka ke hawa kanta, wanda ake aunawa da farashin zinariya. Ashafa ya duba ya ga kuɗin Asta ba su kai ba. Ya same ni a rumfata yana juya hula a hannu.

"Attahiru, wani abu nag gani. Kuɗɗin ga ko kwabo ba su ragu ba, amma bana zakka ba ta hau su ba."

"To ba sauƙi kas samu ba?" na ce.

"Haka na," ya ce, amma bai tafi da wuri ba.

Lokacin an rufe boda, albasata na zubar da ruwa a cikin mota a bakin shinge, ba ni da kunnen sauraren kowa. Shi ma ya lallashi kansa da cewa zinariya ce ta yi hauka, za ta sauko. Ba ta sauko ba.

Asta kuwa tana ta girma. Ran Lahadi takan zo da ƙwaryar nono, in ta sayar ta biyo ta gaishe shi, ta ajiye wa Zuwaira curin man shanu. Bappa take ce masa, yadda za ta kira ƙanen ubanta. Doguwa ce, mai ƙarancin magana irin Jalo, amma in ta jefa guda sai ka wuni kana juya ta. Wata rana ina zaune ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce cikin wasa, "Bappa, shanuna suna lahiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Suna hannun gwamnati. Ba su ciwo, ba su mutuwa, ɓarawo ba shi ganin su."

Ta yi murmushi. "Suna haihuwa?"

Ita ba da wata manufa ta faɗa ba, ta ɗauki ƙwaryarta ta yi sallama. Amma na ga maganar ta zauna wa Ashafa a rai.

Sai shekarun da naira ta zube suka zo. Mu mutanen bakin iyaka mun riga kowa gani, domin kuɗi iri biyu muke riƙewa. Da can mutumin Ƙonni ta Nijar in ya zo da sefa, kuɗinsu na can, sai ya bi mai canji yana lallashi. Yanzu shi ke tafiya yana taƙama, ya shiga kara ya nuna sa da baki a ɗaure masa. Shanun da aka saba kawowa daga Nijar suka ragu, in sun zo ma sai ka nemi wuri ka zauna kafin a faɗa maka kuɗinsu. Gwamnati kuma ta koma cikin ƙishirwa, ga giɓi a kasafinta, ga neman janye kuɗi daga hannun mutane ko tsada ta lafa. Ƙarin ya tashi ya haura ashirin a kan ɗari, abin da Ashafa bai taɓa gani ba.

Wannan karon Bashar da kansa ya zo Illela, ya tsuguna a gabansa.

"Baba, don Allah wanga karo ka bar ƙarin ciki. Gwamnati naira mai ƙiba taka amsa, ta maido ramamma. Abin ga da taka ɗorawa ba ƙaruwa ta ba, faci na, kuma ko ramin ba shi rufewa. Shekara da shekaru kana cire facin kana ba gari."

Ashafa ya koma wurin malam. Malam ya ce ya san malamai na tattauna wannan matsala ta faɗuwar darajar kuɗi, amma shi abin da ya sani shi ne abin da ya faɗa tun farko, ba zai ƙara a kai ba. Ya kuma kwantar masa da hankali cewa wanda aka ba amana, in bai yi sakaci ba, babu ramuwa a kansa. Ni ba malami ba ne, ba ni da ta cewa a nan. Na dai ga taubashina ya rame cikin ɗan lokaci, yana zaune a zaure tuwo na hucewa a gabansa. Ƙarshe ya je ya cire ƙarin kamar kullum, ya sa tifa ta yi ta zuba ƙasa a wata zaizaya da ke neman cin hanyar unguwarmu.

Ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Na same shi na ce, "Ashafa, kana wanke rigakka da ruwan marainiya. Kai ka hita tas, ita ta kwan da ƙishirwa."

Na ɗauka zai yi fushi. Sai ya ce a hankali, "Na yi wanga tunani kahin kai, Attahiru. Amma abin da ni ba ni ci, ƙaƙa za ni sa shi bakin ɗiyar Jalo?"

An yi gudun gara an faɗa gidan zago, abin da na iya cewa ke nan, na karkaɗe riga na tashi.

Bayan kaka goggon Asta ta zo da goro. Wani saurayi Sufyanu, makiyayi ɗan rugarsu, sun daidaita da yarinyar, manya sun shiga magana, an sa biki bayan ƙaramar salla. Ashafa ya jira wa'adi ya cika ya je ya karɓo. In faɗi gaskiya, gwamnati ba ta ci masa ko sisi ba, ranar da ta ce kuwa ranar ta biya. Abin da ya kai shi ya dawo da shi.

Ran Lahadi muka shiga kara tare. Ya sami dillalin da ya sayar masa da shanun Jalo, ya tsufa amma bakinsa na nan. Ya gaya masa abin da ke hannunsa, ya ce shanu yake so, mata, masu lafiya, guda goma sha ɗaya. Dillali ya ɗauka wasa ne. Da ya ga ba wasa ba ne sai ya cire hula ya sosa kai.

"Malam, biyu. In anka tausaya maka a ɗora ɗan maraƙi."

Dama mun san za a rina, amma ji daga bakin dillali daban ne. Ashafa ya tsaya a tsakiyar kara, shanu na ture shi, masu talla na ratsa shi, yana kallon ƙasa. Tausayinsa ya kama ni har na manta haushin da nake ji. Mutumin nan bai ci ba, bai sha ba, bai ba da rance ba, bai yi barci a kan amana ba, ga shi tara cikin goma sha ɗaya sun tafi, kuma babu ɓarawon da za a bi sawunsa.

Na daɗe ina tunanin wannan. Albasa ko ba ta ruɓe ba tana shan iska. Buhu goma za ka zuba a ajiya, in ka zo kwashewa ka sami takwas, kuma ba wanda ya taɓa maka. Mu mun san haka, muna sa shi cikin lissafi tun kafin mu saya. Amma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce kuɗi ma suna shan iska, kuma wanda ka ba bashin shi ne mai buga su, shi ne mai faɗin abin da zai ɗora maka.

Ashafa yana da fadama a Darna Sabon Gari, gadon mahaifinsa. Ita ke ciyar da gidan, domin fansho ba ya kai su tsakiyar wata. Da ya gaya wa Zuwaira zai sa ta a kasuwa, ta yi kuka, ta tuna masa cewa malam da bakinsa ya ce babu ramuwa a kansa. Ya ce ya ji, amma ba malam ne ya ce wa Jalo na ɗauka ba. Ta yi 'yan kwanaki ba ta kula shi. Wata safiya ta ajiye masa koko ta ce, "Sai da ta. In ba ka sai da ta ba, kai ba ka kwana, ni ma ba ka bari in kwana."

Kuɗin fadama da na hannun gwamnati, da baburin da ya haɗa da shi, suka sayi bakwai. Karsana ya zaɓa duka, wato 'yan matan shanu da ba su fara haihuwa ba, don sun fi sauƙin kuɗi kuma gabansu na da tsawo. Ya yi ta zagaya gida ko zai ga abin da zai ƙara sayarwa, babu. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa zancen gonar.

Ana gab da biki muka ɗauki mota muka kai su ruga da hantsi. Ardo, shugaban rugar, ya fito da dattawa, aka shimfiɗa tabarmi a inuwar gawo. Mata na daga gefe, Asta na bayan goggonta ta rufe rabin fuska. Ashafa ya ƙi zama.

"Jama'a, ku shaida," ya ce. "Jalo ya ba ni shanu goma sha ɗaya. Bakwai nak kawo. Ban ci ba, amma ga hannuna sunka lalace. Huɗu suna wuyana. In Allah ya ba ni rai in biya, in na mutu ku roƙa mani ita ta yahe."

Ardo ya girgiza kai. Ya ce shekarun baya ɓarayi sun shigo wannan ruga sun share ta, da shanun Jalo suna nan da ko igiyarsu ba a samu ba. Ya ce su ba su ga laifi ba, alheri suka gani. Gaskiya ya faɗa, amma Ashafa bai ɗago kai ba.

Goggon ce ta tsaya a kan magana. Tsohuwa ce mai zuwa kasuwa, ta san farashi. Ta ce ita fa ta san kuɗin da aka ajiye tun wancan zamani ba sa sayen saniya uku yanzu, to ina aka samo bakwai? Ashafa ya ce Allah ne ya rufa asiri. Sai ta juyo ta dube ni. Ni kuma kowa ya san ni, cikina ba ya riƙe magana, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya yanki naman jikinsa ya bayar a ce ba wanda zai sani ba. Na ce fadamarsa ya sayar, da babur. Ya yi mini wata harara da ban taɓa gani a idonsa ba.

Asta ta sunkuya ta yi wa goggonta magana da Fulatanci, goggo ta yi wa ardo, ardo ya gyaɗa kai. Yarinyar ta tashi ta nufi shanun. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shafa baya, tana duba haƙori da hantsa, ba ta gaggawa. Ta tsaya a kan wata ja mai farin goshi, wadda ko ni mai albasa na ga ta fi sauran. Ta ɗaura mata igiya, ta jawo ta har gaban Ashafa, ta durƙusa ta miƙa masa bakin igiyar da hannu biyu.

Ya ja da baya. "Wagga ta mi ta, ɗiyata?"

Ardo ne ya amsa. Ya ce a wurinsu idan asara ta faɗa wa mutum, mai shanu yakan ɗaure masa karsana guda. Habbanaye suke ce mata. Mai asarar zai riƙe ta, ya sha nononta, in ta haihu 'ya'yan nasa ne halak malak, bayan haihuwa ta uku ya mayar da uwar ga mai ita. Ba sadaka ba ce, ba a kuma yi wa wanda aka raina. Sannan ba a mayar da hannun wanda ya ɗaure maka.

"Ke hwa ka bi na bashi, Asta," Ashafa ya ce.

"Na ji, Bappa," ta ce, kanta a ƙasa. "Wancan na yahe, ga shaidu. Wagga daban ta. Kuma kar ka maido mani ɗiyanta ka ce biya na. In ka maido su, ka kunyata ni gaban mutanena."

Ta san shi, wallahi ta san shi. Abin da ke ransa ke nan, na gani a fuskarsa, ta riga shi ta toshe hanyar. Ya dubi ardo, ya dube ni, yana neman wanda zai cece shi. Mutumin da bai taɓa yarda ya riƙe abin da ya ƙaru a hannunsa ba, yau ga 'yar amininsa ta ɗaure shi sai ya riƙe, a gaban dattawa. Hawaye suka zubo masa har gemu, bai share ba. Ni ma sai da na kawar da kai. Ya sa hannu biyu ya karɓi igiyar, ya ce, "To."

Direba ya ce a ɗora ta a mota, Ashafa ya ce a'a. A ƙasa ya nufi Illela da ita, cikin rana, hanyar kuwa ba kusa ba ce, kuma ko akuya bai taɓa ja ba. Rabin tafiyar ita ke jan sa. Na sallami motar na bi su a baya. Da muka hango rufin gari ya tsaya yana haki, igiya ta yi masa ja a tafin hannu, ya juyo ya dube ni.

"Attahiru, mi aka ba ta da sahe?"